Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Suma Daban, Karaya Daban

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa, aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, sai a ce ya farfaɗo. Idan zazzaɓin taifot ne ya kwantar da shi wata guda, ya tashi kamar sillen kara, sannan a hankali kumatu suka ciko, sai a ce ya murmure. Idan kuwa daga kan babur ya faɗo ƙafa ta karye, aka kai shi wurin mai ɗori, to jira za a yi ƙashi ya ɗoru. Babu Bahaushen da zai rikita waɗannan in dai a kan jikin mutum ake magana. Yaro ɗan shekara goma ma dariya zai yi in ya ji an ce karyayyar ƙafa ta farfaɗo. Amma da zarar magana ta bar jiki ta koma kan gona, ko kasuwa, ko masana'anta, ko tattalin arzikin ƙasa, sai kunnen nan mai kaifi ya dushe, ka ji kalma ɗaya tana aikin goma. Za a farfaɗo da noma, za a farfaɗo da ilimi, za a farfaɗo da masaƙu, za a farfaɗo da jirgin ƙasa, kai ka ce duk abin da ya lalace a ƙasar nan suma ya yi. Abin da wannan darasi yake son kafawa shi ne, kowace kalmar tashi a Hausa tana ɗauke da labarin irin faɗuwar da aka yi, da tsawon lokacin da tashin zai ɗauka, da wanda aikin tashin ya rataya a wuyansa. Wanda ya zaɓi kalma ya riga ya ambaci cutar, ko ya sani ko bai sani ba, magani kuwa cutar da aka ambata yake bi.

Mu fara da farfaɗowa, tunda ita ce ta cinye kasuwa. Wanda ya suma bai rasa komai na jikinsa ba. Zuciya na bugawa, ƙashi lafiya, tsoka na nan yadda take. Hayyacinsa ne kawai ya gushe, kuma cikin 'yan mintoci yake dawowa. Saboda haka kalmar tana da sharuɗɗa biyu: abin yana da sauran rai, kuma kayan aikinsa ba su lalace ba. Shi ya sa ta dace da wutar murhu da ta kusa mutuwa aka hura ta kama, da shukar da ta yi yaushi a lokacin da ruwa ya ɗauke, aka yi ruwa da dare, gari ya waye ta miƙe. Ginin kalmar ma yana nuna haka. A 1960 F. W. Parsons, wani malamin Hausa a Landan, ya kasa aikatan Hausa aji bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma aji na shida shi ne mai ƙarewa da "o", wanda ke nuna aiki ya nufo inda mai magana yake: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo. Farfaɗo a wannan aji take. Wanda ya farfaɗo kamar ya yi wata 'yar tafiya ce ya dawo wurinmu, kuma mutumin da ya tafi shi ne ya dawo, bai ragu ba bai ƙaru ba. Mai lura zai ga kamannin kalmar da farfaɗiya, cutar da ke yawan kayar da mutum, inda harafin "ɗ" ya rikiɗe ya zama "r" a gaban baƙi, kamar yadda kaɗa ta ba da karkaɗa. Maƙwabciyarta ta kusa ita ce wartsakewa, wadda ake yi daga barci, ko gajiya, ko maye. Ita ma ba ta neman komai sai ɗan lokaci da ruwan sanyi.

Murmurewa wata duniya ce daban, kuma a ganina ita ce kalmar da ta fi kowace zurfi a cikin wannan dangi. Ba a murmurewa sai an rame. Wato akwai abin da ya zube daga jiki, tsoka ko jini ko ƙarfi, wanda dole a sake tara shi loma bayan loma. Al'adar jego a kan wannan fahimta aka gina ta: mace ta haihu lafiya, ba ta suma ba, ba ta karye ba, amma ana ware mata kwana arba'in, a ɗauke mata aiki, a ciyar da ita da kunu da nama, domin kowa ya san haihuwa ta ɗebi wani abu a jikinta. Likitoci suna da ja a kan wasu sassan al'adar, musamman yawan kanwa da zafin ruwan wanka, waɗanda suke dangantawa da ciwon zuciya bayan haihuwa, amma ba su ja da asalin tunanin cewa jiki na bukatar lokaci da abinci. Haka abin yake ga yaron da tamowa ta kama. A yunwar 2005 a Nijar, lokacin da cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi suka cika da yara, abin da aka riƙa ba su shi ne wani kwaɓi na gyaɗa da madara da mai da sukari, ana auna damtsensu da nauyinsu mako-mako. Yaron da aka kawo a galabaice ana iya farfaɗo da shi a daren farko, amma uwar da ta ɗauke shi ta tafi gida washegari don ta ga ya buɗe ido za ta dawo da shi. Ga wani abin lura a nahawu. Muna cewa likita ya warkar da shi, muna cewa an farfaɗo da shi, an tayar da shi, amma da wuya ka ji Bahaushe ya ce an murmurar da wani. Kalmar ba ta son mai yi daga waje. Iyakar abin da na waje zai yi shi ne ya kawo abinci ya yi haƙuri, jikin ne zai yi sauran. Ina zaton wannan na cikin dalilan da suka sa ba ta da farin jini a bakin masu mulki. Ba ta ba wa kowa damar cewa ni na yi, kuma ba ta da ranar yanke kirtani.

Sai karaya. Ƙashin babba in ya karye yakan ɗauki sati shida ko fiye kafin ya haɗe, ko a gida aka ɗaure shi da kara da tsumma, ko a asibiti aka sa filasta. Abin da ya raba ɗori da murmurewa shi ne a nan hannun wani dole ne, kuma dole ya zama hannun gwani, domin ƙashi zai haɗe ko an daidaita shi ko ba a daidaita ba. In aka ɗora a karkace, a karkace zai ɗoru, mutum ya warke amma da ɗingishi har ƙarshen ransa. Kalmar warkewa ba ta yi wa kowa alƙawarin komawa yadda yake ba, shi ya sa muke da kalmar tabo. Hausawa da suka kira rushewar jarin ɗan kasuwa karayar arziki sun san abin da suke faɗa. Attajirin da ya karye ba suma ya yi ba, balle a ce a ba shi iska. Sanin kasuwa na nan a kansa, abokan ciniki sun san shi, amma abin da ke haɗa saninsa da kasuwa, wato jari, ya rabu biyu. Bayan gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta jiƙa dilolin atamfa da shadda, tambayar da ke gaban ƙaramin ɗan kasuwa ita ce wa zai ɗora shi. A kasuwannin nan mai ɗori shi ne uban gida ko babban dila da zai ba shi kaya bashi bisa amana, ya sayar ya kawo kuɗi, ya riƙe riba, har jari ya haɗe. Irin wannan ɗori ma yana iya karkacewa. Wanda aka ba bashi mai nauyi da gajeren wa'adi zai buɗe shago, mai wucewa ya ce ai wane ya miƙe, alhali ribar duk ta mai kaya ce. Kuma ku lura da wasalin "e" na ƙarshe, wanda a tsarin Parsons yake nuna aiki ya kai matuƙa, kamar sha da shanye. Shi ne a karye, da ƙone, da rushe, da durƙushe, da talauce, kuma shi ne dai a warke, da miƙe, da warware, da murmure. Harshen yana auna tashi da mudun da ya auna faɗuwa, ba ya karɓar rabin warkewa a matsayin warkewa.

Akwai kalma ta huɗu da manoma suka fi 'yan birni sani, wato toho. Itacen da aka sare, ko wuta ta cinye, ko rani ya kaɗe masa ganye, in saiwarsa na da rai, zai yi toho. Reshen da ya fito sabo ne, ba wanda aka sare ba ne ya dawo, amma daga tsohuwar saiwa yake shan ruwa, shi ya sa yake girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Babu hujjar da ta fi ta jihar Maraɗi nuna yadda gane kalma ke canja magani. Bayan farin shekarun 1970, hukumomi da ƙungiyoyi sun ɗauka dajin yankin ya mutu, abin da ya mutu kuwa sai a maye gurbinsa, don haka aka duƙufa rainon itatuwa a leda ana dasawa. Yawancinsu iska da yashi da awaki suka gama da su. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka, irin su kalgo da sabara, toho ne daga kututturan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da gatari. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Ta bazu bayan yunwar 1984, ta ƙara ƙarfi da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka raina a gonarsu nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta sake yin itatuwa ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram ta kai kimanin hekta miliyan 5, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa a wasu sassan. Ba a kawo wani sabon iri ba. An dai daina yi wa mai rai jana'iza.

Wanda ke shakkar cewa waɗannan bambance-bambance suna raye a bakin mutane, ya saurari gaisuwa. Mara lafiya ana ce masa ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya tsira daga haɗarin mota ana yi masa barka da arziki, domin shi bai rasa komai ba, ya leƙa ne ya dawo. Wanda gobara ko ɓarawo ya yi wa ɓarna jaje ake yi masa, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya ake yi masa, a tambaye shi ya haƙuri, a roƙa masa dangana. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta yi wa mai gobara barka da arziki a kan kayansa ba, sai dai a kan ransa, kuma ba za ta ce wa wanda mahaifinsa ya rasu Allah ya mayar ba. Ta rarrabe abin da ke dawowa da kansa, da abin da ake maye gurbinsa, da abin da ba ya dawowa sam. Addu'ar jaje ma ba ta roƙi a dawo da kayan da suka ƙone ba, alheri ta roƙa a madadinsu, ko da kamarsa daban ce.

Yanzu mu ɗauki wannan ma'auni mu gwada maganar da aka fi maimaitawa a Arewacin Nijeriya, wato farfaɗo da masaƙu da dalar gyaɗa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, a zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. United Nigerian Textiles, wadda ta fi ta girma, ta tsaya a 2007. Unguwar Kakuri, inda masaƙun suke, wadda ta rayu da jiniyar canjin aiki, ta yi tsit. Dalilan sanannu ne: rashin tsayayyar wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, ja da bayan noman auduga, da kwararowar yadi mai araha daga Sin, galibi ta ɓarauniyar hanya. Masana'antar da ta shekara ashirin a rufe, injunanta sun yi tsatsa, gwanayen ma'aikatanta sun tsufa ko sun rasu, ba ta cika ko ɗaya daga sharuɗɗan suma ba. Amma da yake kalmar da aka zaɓa farfaɗowa ce, maganin da ke zuwa a zuciya shi ne na mai suma, a yayyafa kuɗi a jira ya buɗe ido. An ware rancen naira biliyan 100 don auduga da masaƙu a wajajen 2010, wasu kamfanoni sun ɗan motsa, amma matsalar wuta da fasa-ƙwauri na nan inda aka bar su. Da an ce karaya ce, da tambayar farko ita ce ina ne ƙashin ya rabu, tsakanin gonar auduga da injin gurza a Funtuwa da Gusau, ko tsakanin masaƙa da kasuwa. Da an ce toho ake nema, da an duba inda saiwar ke da rai, a wurin marina, da maɗinka, da masu saƙar hannu, da 'yan kasuwar Kwari da suka san abin da mai saye ke so tun daga Agadas har Yawunde. Batun dalar gyaɗa ya fi wannan ban mamaki, domin mara lafiyar da ake kuka a kansa ya daɗe da tashi. Gaskiya ne farin 1972 zuwa 1974 da annobar da ta kama gyaɗa a 1975 sun durƙusar da noman, amma gyaɗa ta murmure, da taimakon irin da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar masu jure cutar, kuma Nijeriya har yau tana cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya. Dala kuwa buhuna ne da aka jibge a Kano suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko a fitar waje, a ƙarƙashin hukumar sayen amfanin gona da aka soke a 1986. Yau gyaɗar tana tafiya kamfanonin matsar mai, da hannun mata masu ƙuli-ƙuli, da kasuwar Dawanau. Mai neman a farfaɗo da dala yana neman a dawo da layin jira ne.

Akwai kuma lokacin da kalma mai kyau take rufe mugun labari. Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara a 1986 an fassara shi da tayar da komaɗa. A matsayin fassara, gwaninta ce. Komaɗa ita ce lotsawar da kwano ko jikin mota ke yi in ya bugu, a sa guduma daga ciki a buga ta fito, ƙarfe bai ragu ba, siffa ce kawai ta ɓaci. Mai sauraron rediyo da ya ji haka zai ɗauka 'yan bugu kaɗan ne a gama. A 1985 naira ta ɗan fi dala daraja a farashin gwamnati, zuwa 1987 sai an ba da kusan naira 4 kafin a samu dala ɗaya, kuma ba ta sake komawa ba. Ko shirin ya zama dole ko bai zama ba, muhawara ce ta masana tattalin arziki. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kalmar ta yi wa mutane alƙawarin gyaran kwano, abin da suka gani kuwa ya fi kama da fiɗa.

Mai ja zai ce wannan duk ƙaƙale ne. Kalmomin nan suna shiga gonar juna, ƙamus ma yakan fassara ɗaya da ɗaya, kuma harshe ba ya tsayawa wuri guda. In 'yan jarida sun faɗaɗa ma'anar farfaɗowa ta rufe kowane irin tashi, kowa kuma ya gane, ina laifi? Rabin wannan magana gaskiya ce. Ana cewa mara lafiya ya farfaɗo ana nufin ya fara samun sauƙi, ana cewa kasuwa ta farfaɗo bayan salla, babu wanda zai ce an yi kuskure. Kuma mai fassara labarai da ke da minti biyar kafin a buɗe masa makirufo ba shi da lokacin tantance suma da karaya. Ba a kuma hana harshe aro da faɗaɗawa, karayar arziki kanta ai aro ce daga jiki. Amma akwai faɗaɗawar da ke ƙara wa harshe, akwai wadda ke rage masa. Lokacin da aka ɗauki karaya aka kai ta kasuwa, Hausa ta samu sabuwar hanyar gani, ba ta rasa tsohuwar ba. Lokacin da farfaɗowa ta kori murmurewa da ɗori da toho daga maganar jama'a, tambayoyi uku ne suka ɓace tare da su: me ya zube, ina ya rabu, ina saiwar take. Cewa kowa ya gane ma abin dubawa ne. Kowa ya gane cewa ana nufin abu zai gyaru, amma hoton da kalmar ke sakawa a zuciya, na saurin tashi da komawa yadda ake, yana nan yana aiki, shi ne ke sa mutane su zaci sakamako cikin wata shida, in bai zo ba su ce an yaudare su. Wani lokaci an yaudare su ɗin. Wani lokaci kuwa abin murmurewa yake yi, ba a dai gaya musu da kalmar da za ta sa su jira ba.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma daga masu ilimin zamani yake fitowa. Suna cewa kalmomin Hausa na bayan masifa duk na sallamawa ne, haƙuri, dangana, ƙaddara, Allah ya mayar, babu wadda ke ɗora wa mutum nauyin ya tashi da ƙarfin kansa. Har sukan kafa hujja da cewa kalmar da ƙungiyoyin agaji ke yawan amfani da ita a Turanci don ƙarfin komowa bayan bugu ba ta da takwara a Hausa, sai dai a ce juriya. Lalle juriya ba ta cika wannan gurbi ba. Juriya ta mai ɗauke da kaya ce da bai sauke ba, jaki ma yana da ita, kuma ana iya jurewa har a mutu ba a tashi ba. Amma rashin kalma ɗaya mai rufe komai ba talauci ba ne in akwai biyar da suka raba aikin. Zargin sallamawa kuwa ya manta da abin da ke biyo bayan gaisuwa. Mai zuwa jaje ba hannu rabbana yake zuwa ba, da gudummawa yake tafe, kwano ko tabarma ko kuɗi. Wanda rashin lafiya ta hana shi noma ana yi masa gayya. Matar da jarinta ya karye 'yan adashi sukan ba ta ɗaukar farko. Fulanin Nijar suna da haɓɓanaye, inda mai shanu ke ba wanda garkensa ya ƙare aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, kuma da irin wannan ne gidaje da yawa suka sake kafa garke bayan farin 1973 da na 1984. Abin da kalmomin Hausa ba su yarda da shi ba shi ne mutum yana tashi shi kaɗai kamar ƙwallon roba. Mai suma yana bukatar mai yayyafa ruwa, mai jego tana bukatar mai dama kunu, karaya na bukatar mai ɗori, toho na bukatar mai kare shi daga akuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai abin zargi, to yana wurin wanda ya tsaya a addu'ar ya bar gudummawar, kuma harshen ba shi ya koya masa haka ba.

Saura ja ɗaya, na masu taushin zuciya. Sukan ce Bahaushe ko yana gargarar mutuwa aka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce, don haka gaya wa tsohon ma'aikacin masaƙa cewa masaƙarsa ba suma ta yi ba, mutuwa ta yi, yanke masa ƙauna ne. Amsar tana cikin al'adar kanta. Da sauƙi amsar mai dubiya ce. Mara lafiyar da ya shiga ɗakin likita ya ce da sauƙi ya yi shiru, ya cuci kansa, kuma 'yan uwan da suka amsa wa baƙi da sauƙi a zaure su ne ke komawa cikin gida su zauna su faɗa wa juna gaskiya, su yanke shawarar sayar da akuya a tafi babban asibiti. Taron ƙungiyar manoma, da zaman kwamitin kasuwa bayan gobara, da jawabin kasafin kuɗi, duk zaman cikin gida ne. Tsohon ma'aikacin da aka shekara ashirin ana ce masa gobe za a buɗe, da tun farko an gaya masa gaskiya, da ya nemi haƙƙinsa na sallama da ƙarfinsa, ya kai gwanintarsa inda take da kasuwa.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya saurari labaran rediyo na kwana uku, ya rubuta duk jimlar da aka ce za a farfaɗo da wani abu. A aji za mu ɗauki jimlolin ɗaya bayan ɗaya, mu cire kalmar, mu gwada murmurewa, da ɗori, da toho, da mayar da gurbi a wurinta, mu ga wadda ta zauna da kuma irin aikin da za ta nema a yi. Sannan a tattauna batun Maiduguri, inda madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye babban sashen birnin. Bayan ruwa ya janye, wace kalma ce ta dace da mai shagon da kayansa suka jiƙe, wace ce ta dace da gidan ƙasa da ya rushe, wace ce ta dace da yaran da suka yi makonni a sansani, wace ce kuma ta dace da ita madatsar?